Yadda Muka Bi Wutar Motata Har Hita Ta Dawo Aiki

Motata Golf 3 ce wagon, cikin waɗanda kamfanin Volkswagen ya ƙera a shekarun 1990. Ta ci zamaninta a Turai, ta shigo ta Kwatano, ta bi hannun mutane a Kano kafin ta zo hannuna. Da ita nake ɗaukar mutane da kaya daga ƙauyenmu a ƙasar Taura zuwa kasuwanni: Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, wata Juma'ar kuma Wudil in an samu masu dabbobi. Fitar kasuwa fitar asuba ce. Ana sallame salla ake lodi, kafin gari ya waye mun hau kwalta.

Fankar cikin motar ba dare ɗaya ta mutu ba. Da farko wani siririn kuka take yi da sanyin safiya, in an ɗan yi tafiya ya ɗauke. Da damina ta ja baya sai lamba 1 da 2 da 3 suka yi shiru, ya rage 4 kaɗai, ita kuwa in ka kunna ta ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Daga baya 4 ɗin ma ta tsaya. Ƙanena, wanda ke karɓar motar duk ranar da nake gona, ya nuna wa wani yaro a tasha. Yaron ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya yi 'yan taɓe-taɓensa, fanka ta tashi. Ba a jima ba muka fara jin ƙaurin roba a cikin mota, sannan ta sake mutuwa, wannan karon gaba ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya biyo baya. Wata asubar in tayar da mota, inji na aiki lafiya lau, amma fitilun gaba su ƙi kamawa, waifa ma ta ƙi motsi. Sai na kashe na sake tayarwa, ko na ɗan girgiza makulli, sannan su kawo.

Na san akwai masu cewa me za a yi da hita a ƙasar Hausa, ƙasar da rana ke narka kwalta. Mai faɗin haka bai taɓa fita da asubar Disamba ko Janairu ba. A lokacin hunturu sanyin asuba a yankinmu kan sauko wajen digiri 12, wani daren ma ƙasa da haka, kuma kusa da fadamar kogin Haɗeja ya fi shiga ƙashi. Fasinjojina tsofaffi ne da mata masu goyo da yara 'yan talla, dole a rufe gilasai. In mota ta cika kowa na numfashi a rufe, gilashin gaba sai ya yi gumi ta ciki, ga hazo da ƙura ta waje. Hanyar kuma ba tamu ce mu kaɗai ba. Akwai amalanken shanu mara ko ɗigon haske, akwai garke mai tsallaka titi, akwai mai keke da buhu biyu a baya. Direba na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da tsumma, ga rayukan mutane a bayansa. Iskar ɗumi da fanka ke hurawa kan gilashi ita ke busar da wannan gumin. Saboda haka ni a wurina gyaran fanka da gyaran birki kusan layi ɗaya suke.

A tasha kowa ya ba ni shawara, kuma duk iri ɗaya ce: a ja waya daga batir kai tsaye zuwa fanka, a sa ɗan makunni irin na ɗaki, a wuce wurin. Fitila ma a yi mata haka. Ban yarda ba, domin na taɓa ganin motar da dashbod ɗinta ya ci wuta a bakin hanya, kuma daga irin wannan wayar wutar ta tashi.

Na kai ta Ringim wurin wani dattijo mai wayarin da direbobi da yawa suka yaba mini. Rumfarsa ta kwano ce a gindin dalbejiya, da benci ɗaya da akwatin ƙarfe da yara biyu masu koyon aiki.

“Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba.”

“Wa alaikumus salam. Sannu direba, ya hanya, ya ɗari?”

“Lokacinsa ne, Baba.”

Bai taɓa motar ba sai da ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi. Me ya fara lalacewa? Da ƙara ta fara ko shiru kawai ta yi? Lokacin da 4 kaɗai ke aiki, iskar na fita da ƙarfi ko kuwa ƙara ce ta fi iskar yawa? A ina nake ajiye motar da dare? Da na ce masa a bayan gida kusa da rumbu, sai ya gyaɗa kai bai ce komai ba. Da na gama ya ce, “Ɗana, ciwon motar nan ba ɗaya ba ne. Na fanka daban, na fitila daban. In muka haɗa su muka yi musu magani ɗaya, za ka dawo.”

Daga batir ya fara. Ya ɗora mita, mota a kashe ta nuna 12.5. Ya ce in tayar, ta hau 14.1. Ya ce lafiyayyen batir a huce yakan nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma caja na caji sai a ga tsakanin 13.8 da 14.4, saboda haka nan ba laifi. Ya girgiza kawunan batir, ya bi wayar da ke ɗaure a jikin mota ya tabbatar ba tsatsa. A motocin Jamus duk waya mai launin ƙasa-ƙasa ta komawa jikin ƙarfe ce, kuma ya ce sau da yawa abin da ake kira babbar matsala, ɗaya daga cikin waɗannan wayoyin ce ta saki.

Sannan ya kwanta a ƙasan kujerar direba ya buɗe akwatin fis. A Golf 3 fis 22 ne a jere, rile-rile, wato ƙananan makunnan da wuta ke kunnawa da kanta, suna samansu. Na fanka a tawa motar shi ne na shida, kuma mai amp 20 ya kamata a gani a wurin, wato rawaya, tunda launi ke nuna ƙarfinsu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ya sa filaya ya zaro shi da ƙyar ya ɗora mini a tafin hannu. Fis ɗin ya daɗe da ƙonewa. An samu siraran wayoyin tagulla an naɗe ƙafafunsa biyu an mayar. Robar jikinsa ta narke ta yi baƙi, bakin ramin da yake zama shi ma ya soma lanƙwashewa. Ga inda ƙaurin ke fitowa.

Baba ya kira yaransa ya nuna musu. Ya ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Fis ba ya ƙonewa sai wani abu a gabansa ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. An yi shi ne don ya mutu a madadin waya. In ka naɗe shi, wayar ce za ta mutu, ita kuma tana cikin dashbod tare da roba da soso.” Bai sa sabon fis ba a lokacin. Ya ce sai mun ga abin da ya kashe na farko.

Kafin ya kai ga fanka ya tsaya kan maganar fitila, kuma gwajin da ya yi ya burge ni. Muka yi ta kashewa da tayarwa har muka dace da lokacin da fitila da waifa suka ƙi kawowa. Ya ce kada in taɓa makulli. Ya sa na kunna makunnin fitila, na kunna waifa, sannan ya ce in jawo sandar babbar fitila in riƙe. Ina jawowa waifa ta fara share gilashi. Ina saki ta tsaya.

Ya yi mini bayani a tsanake. Motar an tsara ta ne yadda duk lokacin da ka murɗa makulli don kik ya juya inji, sai ta yanke wa manyan masu shan wuta, wato fitilun gaba da waifa da fanka, domin ƙarfin batir duka ya tafi wurin kik. Da ka saki makulli ya dawo mazauninsa, sai wani ɗan ƙarfe a cikin suwic ɗin makullin ya sake haɗuwa, wuta ta koma musu. A takardar wayarin ana sa wa wannan layin alamar X, wayarsa baƙa ce mai ratsin rawaya, kuma shi ke tayar da rile mai lamba 18 a kansa. In ɗan ƙarfen nan ya cinye ko ya ƙone, inji zai yi ta aikinsa domin layinsa daban ne, amma waɗancan ba za su dawo ba. Sandar babbar fitila kuwa kai tsaye take samun wuta daga batir, shi ya sa in ka ja ta wutar ke bi ta baya ta ciyar da layin. Don ya cire shakka sai ya soka kwan gwajinsa a kan baƙar wayar mai ratsin rawaya, bai kama ba. Ya ɗan tura makullin baya kaɗan, kwan ya kama, rile ya yi ƙas.

Me ke cinye shi? Tsufa na farko. Sai tarin makullai da direbobinmu ke ratayawa, na shago da na gida da na kwaɗon rumbu, suna lilo a kan hanya mai gargada suna jan suwic ɗin. Na uku ya same shi ne da ya buɗe bayan fitilun. Kwan da ke ciki mai wat 100 ne, alhali na ƙa'ida mai 60 da 55 ne. Kwai mai wat 55 yana jan ƙasa da amp 5, mai 100 kuwa ya haura 8, kuma biyu ne, kuma ƙaramar fitila ta cikin wannan ɗan ƙarfen wutarta ke ratsawa. Haka na sayi motar da su. Mutane na sa su ne don su ƙara haske a cikin hazo, amma a hazo farin haske mai ƙarfi dawo maka yake yi a ido.

Yanzu fanka. Tana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja, saman inda yake miƙe ƙafa. Yaron ya cire murfin ƙasa, Baba ya zare soket, ya ɗaga wani ɗan harshen roba ya murɗa, fankar ta sauko a hannunsa. Abin da ya biyo ta ya cika tabarmar mota: ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin gero, guntayen buhu da aka tattauna, auduga, da kashin ɓera. A tsakiyar keken fankar an shirya sheƙa sosai, zagaye, an lulluɓe ta da zaren tsumma. Kowane haƙori na keken ya yi kauri da jar ƙura wadda ta sha ruwa ta bushe ta zama laka. Baba ya sa yatsa ya juya keken. Lafiyayyar fanka in ka kaɗa ta takan ci gaba da juyawa ita kaɗai. Wannan ko rabin zagaye ba ta yi ba ta tsaya cak.

A nan labarin ya fito a jere, kuma ni da kaina na iya haɗa shi. Ƙura da datti sun busar da man da ke cikin bushin, wato zoben da sandar moton fankar ke juyawa a ciki, shi ne kukan farko. Moto in ya yi tauri sai ya ja wuta fiye da ƙima, iskar da yake hurawa kuma ta ragu. A jikin gidan fankar akwai razista, wasu naɗaɗɗun wayoyi ne da aka sa a kan hanyar iska don iskar ta riƙa sanyaya su. Aikinsa kamar na mai ban ruwa ne a fadama: lamba 1 da 2 da 3 ƙananan kwalbatoci ne da ake rage wa ruwa ƙarfi ta cikinsu, lamba 4 kuwa an buɗe babbar hanya ruwa ya tafi gaba ɗaya. Wutar da aka tare a 1 zuwa 3 zafi take zama a jikin wayoyin. A gefensu akwai wani ɗan fis na zafi, siriri mai kalar azurfa, wanda ke yankewa in zafin wurin ya wuce digiri 200 da ɗoriya. Da iska ta ragu, ga kuma ƙaiƙayi a kwance a kansu, sai ya yanke. Shi ya sa uku na farko suka mutu tare, 4 ta rage domin ba ta bi ta nan. Sai moton ya ƙara tauri har ya ƙone fis na akwati. Sai aka naɗe fis. Sai moton ya ci gaba da shan wuta ba mai tsayar da shi har burushinsa suka ƙare.

Na kalli busasshen ƙaiƙayin nan da ke manne da wayoyin razista, gefensa ya yi baƙi-baƙi. Da ɗan fis na zafin nan bai yanke ba, Allah kaɗai ya san abin da zai faru da mota cike da mutane.

Na ɗauka sabuwar fanka za a saya. Baba ya ce a bari a gani tukuna. Ya shimfiɗa buhu, ya wanke keken da ruwan omo da tsohon burushin haƙori, haƙori bayan haƙori, yana kiyaye kada ruwa ya shiga moton. Ya nuna mini wasu 'yan ƙananan ƙarafa da ke maƙale a wasu haƙoran, ya ce kada a cire su, na daidaita nauyi ne, in babu su fanka za ta riƙa girgiza dashbod. Sannan ya buɗe bayan moton. Burushi biyu na kabon da ke goga tagulla su kai wuta ciki, ɗaya ya cinye har sifirin ɗinsa ya fito yana karce tagullar, ɗayan ya maƙale a gidansa saboda ƙura. Tagullar ta yi baƙi amma ba ta yi rami ba. Ya auna naɗin wayar ciki da mita, ya shinshina, ya ce bai ƙone ba.

Ya zazzage wani gwangwani cike da tsofaffin burushi, ya zaɓi biyu da suka ɗan fi girma, ya riƙa goga su a kan samfefa yana gwadawa, har suka riƙa shiga gidansu suna fita ba tare da sun maƙale ko sun yi lako-lako ba. Ya yanki siririyar samfefa mai laushi ya naɗa wa tagullar, yana juya moton da hannu har jan tagulla ya bayyana, sannan ya sa tsinke ya yashe tsakanin layukanta. Bushin biyu kuwa man keken ɗinki ya ɗiga musu, ya bari ya tsuma, ya juya, ya ƙara. Ya hana yaron sa giris ko baƙin mai, ya ce su ke kama ƙura su daskare da sanyi. Da ya haɗa ya ɗora wayoyi biyu a kan batir, fankar ta zabura a hannunsa tana huci, ba kuka ba karkarwa. Ya cire waya, ta daɗe tana juyawa kafin ta tsaya.

Sauran kaya sai Kano. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ba mai son ya je birni ya dawo da abin da bai yi daidai ba, don haka Baba ya ƙulle mini tsohon razista a leda, ya sa yaro ya kwance sitiyari ya ciro tsohon suwic ɗin makulli shi ma na tafi da shi. Kafin a taɓa sitiyari sai da aka cire kan batir aka jira, saboda jakar iska da ke ciki. Na bar motar a rumfa na hau ta haya.

A kasuwar Ƙofar Ruwa na samu duk abin da aka aike ni. Razista na Beljiyam na saya, kuma ban biya ba sai da mai shagon ya ɗora mita a kan ɗan fis na zafin na ji ta yi ƙara. Akwai masu sayar da fis ɗin shi kaɗai, yana da araha, amma matse shi ake yi da ƙarfe, ba a yi masa dalma, domin zafin dalmar ma ya isa ya kashe shi. Abin da Baba ya gargaɗe ni a kai shi ne razistan da aka ɗinke wurin fis ɗin da waya. Zai yi aiki a duk lambobi, mai saye ya yi murna, amma ba sauran abin da zai tsayar da zafi. Suwic ɗin makulli sabo na saya, domin tsoho ba ka san saura kwana nawa gare shi ba. Na haɗa da kwan fitila na ƙa'ida da fis na gaske masu launi daban-daban.

Na tambayi kuɗin fanka ma don in san inda nake nan gaba. Mai shagon ya sauko da guda biyu ya nuna mini lambar da ke jikinsu. Kayan Golf 3 da 1H suke farawa. Wadda ta fara da 1H1 ta mota mai sitiyari a hagu ce, irin tamu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Mai 1H2 daga motocin Ingila take, masu sitiyari a dama, ba za ta zauna a gidan tamu ba ko da ido ya ga kamar ɗaya suke. Ya ce, “Alhaji, duk wanda zai aiko yaro, ya rubuto masa lambar.”

Da na koma aka ɗaura komai. Ramin fis na shida Baba ya kankare shi, ya matse ƙarafan ciki da bakin ƙaramin sukundireba har suka kama sabon fis ɗin gam. Aka mayar da batir, na tayar. Fitila ta kama, waifa ta motsa, fanka ta amsa a 1, a 2, a 3, a 4. Ya bar ta a 4 tsawon lokacin da muka yi sallar la'asar, da muka dawo ya ɗora yatsa a kan fis ɗin da soket ɗin fanka. Ba zafi.

Amma na murɗa makunnin zafi har ƙarshen ja, iskar da ke fitowa sanyi ƙalau.

Baba ya ce wannan kuma ba aikin waya ba ne. Hitar mota ba da lantarki take ɗumama iska ba, fankar ce kawai ke amfani da wuta. Zafin daga ruwan inji yake. Akwai ƙaramin lagireto a ɓoye cikin dashbod, tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ɗaya ya kai ruwan zafi ɗaya ya dawo da shi, fanka kuma ta hura iska ta cikinsa. Muka ɗaga bonet. Bakunan biyu na jikin bangon a buɗe suke, ƙura ta toshe su, tiyon biyu kuma an haɗe su da juna da guntun bututun ƙarfe. Ashe tun kafin motar ta zo hannuna an raba hitar da ruwa. Ɗan ɗumin da muke ji a da, na injin ne kawai da ke ratso ƙarfe.

Ya haɗa ni da wani bakanike maƙwabcinsa. Shi ya ce abu biyu ke sa a yi haka: ko ƙaramin lagireton ya fashe yana zubar da ruwa a ƙafar fasinja, ko kuwa wani ya ga ba shi da amfani a ƙasar zafi. Sai an gwada. Ya zura tiyo a baki ɗaya ya tura ruwa a hankali, ba da ƙarfin injin wanki ba. Ruwan da ya fara fitowa ta ɗaya bakin ja ne jawur da tsatsa, sannan ya koma ruwan ƙasa, sannan ya washe. Ya juya ta ɗaya ɓangaren ya sake. Ya toshe baki ɗaya, ya hura iska da famfon keke ta ɗayan, muka sa kunne, na kuma shiga na shafa ƙarƙashin dashbod da kafet. A bushe suke. Alhamdu lillahi, domin canza wannan lagireton sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Da aka mayar da tiyo iska ta ɗan yi ɗumi, amma ba yadda ya kamata ba, allurar zafi kuma tana kwance a ƙasa ko da mun zaga gari. Bakaniken ya kwance gidan tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ba komai a ciki. A nan muka yi doguwar muhawara, domin shi ra'ayinsa a bar shi haka. Ya ce, “Maigida, kowace mota ta shigo daga Turai cire shi muke yi. Na ƙasar ƙanƙara ne. A nan in ya maƙale ya ƙone maka gasket.”

Tsoronsa na da tushe, tsohon tamostat na iya maƙalewa a rufe. Amma ni ban ga dalilin da zai sa maganin tsohon abu ya zama rashinsa gaba ɗaya ba. Tamostat na wannan injin yana fara buɗewa ne wajen digiri 87. Kafin nan yana tsare ruwa a cikin inji don ya yi saurin ɗaukar zafi, in ya kai sai ya sake shi zuwa babban lagireto. A watan Afrilu da rana tsaka a buɗe zai wuni, bai hana komai ba. Da asubar hunturu kuwa, in babu shi, injin ba ya kai zafin aikinsa, na'urar da ke auna mai tana ganin har yanzu inji da sanyi sai ta yi ta ƙara masa fetur. Da tsadar man nan, wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Na ce a sa sabo, amma a gwada shi a gabana. Aka dafa ruwa a gwangwani a wurin mai shayi, aka jefa shi, kafin ruwan ya tafasa muka ga bakinsa ya buɗe, aka tsamo shi ya huce ya rufe. Bakaniken ya ce to, amma da sharaɗin a tabbatar fankar babban lagireto na tashi da kanta. Wannan sharaɗin gaskiya ne. Aka ɗaura, aka zuba ruwan lagireto mai launi maimakon ruwan rijiya da ke cin ƙarfe, aka bar murfi a buɗe ana matsa tiyo har kumfar iska ta gama fita. Allura ta hau ta tsaya a 90. Jim kaɗan fankar gaba ta tashi, ta yi aikinta, ta tsaya. A cikin mota kuwa iskar da ke fita ta ƙasan gilashi sai da na janye hannuna.

Abu ɗaya Baba ya roƙe ni in faɗa wa 'yan'uwana direbobi, kuma ina faɗa a nan. Duk wanda hitarsa ke aiki, kada ya kwana a mota a tasha da inji a kunne da gilasai a rufe don jin ɗumi. Hayaƙin salansa na da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda garwashi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, kuma yawancin motocinmu salansarsu na yoyo. Mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa.

Saura ƙofar da ɓera ya bi. A ƙasan gilashin gaba ta waje, ƙarƙashin baƙar robar da ke kusa da waifa ta ɓangaren fasinja, nan fanka ke shaƙar iska. Akwai mazaunin matatar ƙura a wurin, amma babu matatar, rami ne a buɗe har cikin fanka. Muka kwashe ganyen dalbejiya da ƙasar da suka toshe magudanan ruwa na gefe, domin in sun toshe ruwan sama ta wannan ramin yake gangarawa kan moto, shi ne lakar da muka gani a keken. Baba ya yanko ragar ƙarfe irin ta taga ya rufe bakin, aka ɗora sabuwar matata a kai. Ya ce a lokacin hunturu in riƙa ciro ta ina kakkaɓewa duk ranar da na duba mai da ruwa. Motar kuma na daina kwantar da ita kusa da rumbu, na mayar da ita ƙofar gida, kuma ana dawowa daga kasuwa ake share gyaɗa da hatsin da suka zube a ciki. Makullin mota shi kaɗai yake a zobensa yanzu.

Abin da ya rage ban gyara ba shi ne makunnin da ke juya iska tsakanin gilashi da fuska da ƙafa. Yana da tauri, kuma wani lokaci guntayen tsohon soso na fitowa ta ramukan iska, alamar soson da ke jikin ƙofofin ciki ya ruɓe. Wannan sai an sauke dashbod, aikin wuni guda ne ko fiye. Na bar shi a saitin gilashi da ƙafa, inda na fi bukata, mun kuma yi da Baba zan kawo masa ita in na sayar da albasar rani, kafin ruwan farko ya sauka.